Na Shayar da Layi na Bakwai a Ɓoye

Malama Dafina, ki taimake ni da shawara, don na ɗebo ruwan dafa kaina, ga shi har ya fara tafasa. Shekarata saba'in da huɗu, a aji bakwai na tsaya da makaranta, saboda haka in kin ga rubutun ya karkace ki miƙar da shi da kanki. Na sauya sunayen mutanen da ke cikin wasiƙar nan, ban da na maƙwabciyata Zlatka, don ita ba ta karanta jarida, iri kawai take ƙunshewa a ciki.

Ina da jika mace, mu kira ta Ralitsa. Ni na raine ta tun uwarta na zuwa tsinkar lemo a Girka. Ja'irar ta yi karatu har ta kai matsayin da ake sa farar riga kafin a taɓa ganyen tattasai. Yanzu tana aiki a cibiyar binciken kayan lambu da ke birni. Nakan ce mata shekara ashirin ta yi a makaranta don ta gano abin da akuyata ta sani, wato tattasai yana son ruwa. Takan ce to ai shi ya sa akuyar ba ta da albashi.

Kin san yadda shekarun nan suka zama. Zafi ya yi yawa, ruwan sama ya yi rowa, rijiyoyin ƙauyenmu rabinsu sai guga ya dawo da laka. Sai Ralitsa ta bi ƙauyuka tana roƙon tsofaffi irin tattasan da suka gada, ta tara kala goma sha biyu, wai za ta gano wanda ya fi jure ƙishi. Na ba ta nawa, wanda uwata ta ba ni a ƙulle cikin hankici ranar da na yi aure. Zlatka ma ta ba da nata. Filin cibiyarsu ya cika, sai yarinyar nan ta zo ta karɓi rabin lambuna na bayan gida, inda marigayi mijina yake shuka wake.

Kowane iri ta yi masa layi biyu. Ɗaya a gefen masu ƙoshi, suna shan ruwa yadda suke so. Ɗayan a ƙarƙashin rumfar leda, ko yayyafi ba ya taɓa su, sai wani siririn tiyo da ke ɗiga musu kashi ɗaya cikin uku na abin da suka saba sha. Ba ta rubuta sunan kowa ba, lamba kawai ta kafa a jikin tsinke, wai don kada ido ya nuna son kai. Sannan ta riƙe hannuna biyu ta ce kada in taɓa komai, ko ciyawa na gani in bar mata. Na ce to, ranki ya daɗe, ni da lambuna.

Ita tana ganin lamba za ta ɓoye mini ɗana. Shekara hamsin da biyar ina shuka tattasan nan. Tun yana ganye huɗu na gane shi, layi na bakwai, ga gaɓoɓinsa da ɗan shuɗi-shuɗi, ga ganyen nan mai faɗi. Na gane na Zlatka ma, layi na uku, gajere, ƙanƙamamme, kamar mai shi.

Sai in gaya miki tsakanina da Zlatka, in ba haka ba ba za ki gane nauyin abin ba. Tun muna 'yan mata a gonar gwamnati muke ja. Ita ce mai cewa lutenitsata, wato miyar gasasshen tattasai da muke durawa a kwalba, ta cika zaƙi, ni ce mai cewa tata sai an nemi tattasan da fitila a cikin kwalbar. Tattasanta siriri ne, ba tsoka, in kika gasa kika ɓare fatar sai ki tsaya kina neman abin da ya rage. Nawa kuwa guda ɗaya ya cika tafin hannu, ja wur, nama kamar na ɗan maraƙi. Ba gaba muke ba. Ita ta wanke mini tukwane ranar da aka binne mijina. Amma ko a ranar sai da ta ce gishirin miyar ya yi kaɗan.

To, makon farko na Yuli zafi ya sauko. Ralitsa tana zuwa Asabar da Laraba ne kawai, ta auna, ta rubuta, ta ci abinci, ta koma. Sauran kwanakin ni ce da su. Hanyar akurkin zomayena ta gefen rumfar take bi. Kullum in wuce in ga layi na bakwai ya sunkuyar da kai, ganyen ya yi laushi kamar tsumman goge tebur. Kwana uku ina kawar da kai. A na huɗu na ga furanninsa sun zube a ƙasa. Malama, uwata ta koya mini ko maƙiyinka ya roƙi ruwa ka ba shi, balle abin da ka raina da hannunka. Na cika bokitin nono mai lita biyar, na rufe samansa da ciyawar zomaye, na shiga na bi gindinsu ɗaya bayan ɗaya. Na gama na ja busasshiyar ƙasa na rufe, kamar yadda kyanwa take yi.

Na ce sau ɗaya ne. Kin san yadda sau ɗaya yake. Daga nan duk bayan kwana biyu sai na kai bokiti, har ƙarshen Agusta. Zan so in ce miki tausayi ne zalla, amma na zauna na tambayi kaina, in tausayi ne me ya sa sauran layuka goma sha ɗaya ban ba su ko ɗigo ba? Ai su ma suna jin ƙishi. Gaskiyar ita ce da na ga layi na uku yana tsaye ƙyam, ko a jikinsa, ganyen nan nasa kamar kunnen ɓera bai ko lanƙwasa ba, sai kishi ya taso mini. Na ce ba a lambuna ba, Zlatka.

Wata Laraba yarinyar ta tura yatsa a gindin layi na bakwai ta ji danshi. Sai na ga ta zauna a kan dugaduganta tana murmushi. Wai ta gano sirrin, faɗin ganyen ne yake yi wa ƙasa inuwa, shi ya sa ba ta bushewa. Ta ɗauki hoto, ta rubuta shafi guda. Ni kuwa ina tsaye a bayanta da bokitin a hannu, na ce ai ilimi kogi ne.

An yi girbi, an auna. Layi na bakwai ya zo na ɗaya da rata mai yawa. Na uku ya bi masa. Sauran wasu sun mutu, wasu sun ba da abin da bai kai a ambata ba. Ralitsa ta rungume ni har ƙafata ta bar ƙasa. Nan da mako uku za a yi taro a zauren ƙauye, shugabarta za ta zo daga birni, za a raba wa manoma irin su gwada, kuma wai sunana za a sa masa. Har ta sa an ɗinka mini sabon ɗankwali.

Da a nan abin ya tsaya, wataƙila da na yi shiru na tafi da shi kabari. Amma shekaranjiya ina gashin tattasai a tsakar gida sai ga Dobri, wani yaron kirki da ya dawo daga Sifen da mata da 'ya'ya biyu don ya raya gonar ubansa. Rijiyarsa ta kusa ƙafewa. Ya cire hula ya ce ya ji labarin irina, har ya fasa tunanin komawa, baɗi gonarsa gaba ɗaya shi zai shuka. Ya sumbaci hannuna. Tattasai uku na ƙona a lokacin, ni da ban taɓa ƙona ko ɗaya ba.

Yanzu in na faɗa, na zubar da aikin jikata na shekara guda, na kunyata ta gaban shugabarta, wataƙila ta daina sakin jiki da ni, ita ce kuma kaɗai take buɗe ƙofata ba tare da ta ƙwanƙwasa ba. Sannan in miƙa wa Zlatka kambu da hannuna, ta yi ta tauna ni da shi har ɗayarmu ta mutu. In na yi shiru, ga Dobri. Wani lokacin nakan ce wa ya sani, ƙila tattasan nawa da zai jure ko ban taimaka masa ba. Sai in tuna furannin nan a ƙasa.

Ki gaya mini yadda zan yi, amma ki tausasa, hawan jini gare ni.

Tsohuwa mai bokiti, daga wani ƙauye a gefen kogin Maritsa

*

Kaka mai bokiti, na yi dariya da na karanta wasiƙarki, daga baya kuma na daina. Ke ma na san haka kika yi da kika rubuta ta.

Amsar kin riga kin san ta tun ranar da tattasai uku suka ƙone. Ki faɗa mata, a cikin makon nan, kada ki bari a shiga makon taron. Yau abin kuskure ne na cikin gida, tsakaninki da jikarki. In aka raba irin, baɗi gonar Dobri ce za ta faɗi gaskiyar a gaban kowa, kuma a lokacin ba sunanki kaɗai ke jikin irin ba, har da na Ralitsa. Mai bincike ba ta da jarin da ya wuce a yarda da awonta. Kunyar gyara rahoto kafin ya fita ta kwana biyu ce. Ta bayan ya fita takan bi mutum shekaru.

Ba zan ɗora miki laifin duka ba. Wanda ya kafa gwajin ƙishi a lambun matar da ta shekara hamsin da biyar tana shayar da tattasai, ya ce mata kada ta taɓa, bai zaunar da ita ya nuna mata dalilin da ya sa dole wasu su wahala ba, to ya ba kura ajiyar nama. Kuma da ta ji danshi a ƙasa, kamata ya yi ta fara tambayar mai gida kafin ta yaba wa ganye. Wannan darasinta ne, za ta gano shi da kanta. Kada ke ki faɗa mata, musamman a ranar. Wanda ya zo ba da haƙuri ba ya zuwa da lissafin laifin wani.

Ga yadda nake ganin za ki yi. Ki bari ta zo, ku zauna ku biyu, ba ta waya ba. Ki faɗi abin a jimla ta farko, kada ki fara daga zamanin gonar gwamnati, don na ga halinki, kafin ki iso kan bokiti yarinyar ta yi barci. Kada ki riga ta kuka, in kin yi haka kin mayar da ita mai lallashi alhali ita aka ɓata wa. In ta yi fushi ki bar ta ta yi, haƙƙinta ne. In ta tashi ta tafi ba ta ci abinci ba, kada ki bi ta da kwalbar lutenitsa har mota. Za ta dawo. Yarinyar da kika goya ba ta manta hanyar ƙofarki saboda layin tattasai ɗaya.

Kafin ta zo, ki zauna ki tuna ranar da kika fara, ranar da kika daina, da yawan ruwan da kike kaiwa, ki rubuta a takarda ki miƙa mata. A wurinki shaidar laifi ce, a wurinta awo ne. Za ta san abin da layi na bakwai ya sha a zahiri, kuma sanin cewa bokiti ɗaya duk bayan kwana biyu ya riƙe layi guda har girbi ba abin yarwa ba ne ga mai rijiyar da ta kusa ƙafewa. Maganar shugabarta kuwa ki bar mata, ita ta san yadda za ta shigar da ita.

Shekarar kuma ba ta zube ba, a nan ne kika tsorata kanki fiye da kima. Layi goma sha ɗaya ba ki taɓa su ba, awonsu na nan daram. A cikinsu akwai wanda ya tsaya cikin zafin Agusta da kashi ɗaya cikin uku na ruwa ya kuma yi 'ya'ya. Abin da jikarki ta fita nema ke nan, ta kuwa samu. Za a yi taron, Dobri zai sami irin da zai fara gwadawa a gefen gonarsa. Sai dai sabon ɗankwalin za ki ɗaura shi ne ki zauna a sahu na biyu kina tafa wa Zlatka. Na san wannan ya fi komai ɗaci, amma shi ne tarar, kuma ba ta yi tsada ba.

Kada kuma ki ɗauka an gama da irinki. Manomi ba juriya kaɗai yake nema ba, yana neman abin da za a saya a kasuwa, kin kuma ce na Zlatka ba tsoka. Aikin su Ralitsa ke nan, su haɗa mai juriya da mai nama, su yi ta zaɓe shekara bayan shekara har a sami wanda ya ɗauko halin duka biyun. Ki tambaye ta bayan ta huce. In hakan ta yiwu, ke da Zlatka kun zama surukan juna a gona, sai ku sami sabon abin ja, wato wa jikan ya biyo.

Allah ya ba ki ƙarfin faɗa, ya sanyaya zuciyar yarinyar, ya sauko mana da ruwa baɗi har rijiyar Dobri ta cika.

Dafina