Kujerar Malam

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar taki?

Kin sake tambayar aikin da ya hana ni zuwa gida. Ki dubi ƙwallon 'ya'yanki: duk inda kika ƙura wa ido kusa-kusa, shimfiɗe yake kamar tabarma. To akwai wasu siffofi a lissafi da kowane awo ke cewa haka suke, alhali wani wurin a cukurkuɗe yake. Ina neman tabbatar da cewa idan aka sa faifai biyu a cikinsu, ana iya ɗan gusar da su har su daina taɓa juna. Na san dariya kike yi.

Na gama rubuta hujjar, amma babu mai duba mini. Malamina da ya koya mini fannin, ɗabi'arsa ya juya wa allo baya, ya rufe ido, ina karantowa. Inda akwai giɓi sai ya ɗaga yatsa ya ce in tsaya. Tun da mantuwa ta kama shi ya bar aiki, kujerarsa nake karanta wa. Abokan aiki kuwa daga gaisuwa sai su wuce. Kaɗaici ya ishe ni, Yaya.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki, Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya jikin?

Na je gidan Malam. Bai gane ni ba, ya ɗauka mai yi masa allura ce, har ya naɗe hannun riga. Matarsa ta ce in yi ta magana, yana son jin murya. Na rasa abin faɗa, sai na kama karanto hujjata. Ya juya kujerarsa ya fuskanci bango.

Da na iso wurin gusar da faifai na biyu, yatsan nan ya tashi.

"Tsaya," ya ce.

Na tambaye shi me ya gani. Ya dube ni, ya tambayi matarsa ko baƙuwar ta sha ruwa.

Na koma ofis na bi wurin layi-layi. Da gaskiyarsa: ina raba faya-fayan a nan, suna haɗewa a can. Aikin shekarun nan ya rushe, ba zan aika da shi a buga ba. Na yi kuka, amma ba duka na baƙin ciki ba ne.

Matarsa ta ce in riƙa zuwa ran Asabar. Ba ni da sabuwar hujja, tsohuwar zan sake karanta masa, don dai in ji ya tsayar da ni.

Ki shafa mini kan yara.

Taki, Auta