Rana Ta Goma Sha Tara A Bakin Iyaka

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, yaya jiki, yaya haƙuri da zaman jira? Tunda waya ba ta shiga inda kuke, zan ba direban bas da ke kai muku ruwa wannan takarda.

Yau kwana goma sha tara da rufe iyaka, kana can da tirelarka. Mama ba ta cewa komai, sai wanki. Labulen falo sau biyu ta wanke shi a mako guda.

Baba, akwai abin da ke cina. A darasin tsaron ƙasa da ƙasa an raba mu gida biyu don muhawara: shin rufe iyaka hanya ce mai kyau ta matsa wa gwamnatin da ta ƙi jin magana? Ƙuri'a ta jefa ni cikin masu cewa a rufe. Na tashi na zuba bayani, har na ce wahalar direbobi ta ɗan lokaci ce. Da bakina na faɗa. Aka tafa, muka yi nasara. Farfesan da ke koyar da darasin ya kira ni ofishinsa, ya ce zai sa sunana cikin mutum biyun da za su je koyon aiki a wata cibiyar bincike. Bai san inda kake ba. Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. In na buɗe littafi sai in miƙe, in zagaya laburare, in dawo ban karanta komai ba.

Ka yafe mini. Mama da Yaya suna gaishe ka.

'Yarka,
Auta

Babana,

Ina gaisuwa, da fatan ka tashi lafiya. Amsarka ta iso. Na yi dariya da ka ce bakin Mama na gado, shi ya sa ba a kayar da ni a gardama. Amma dariyar ba ta kai ƙarshen shafi ba. A can ƙasa, kamar abin da ba shi da muhimmanci, ka rubuta cewa maganin sugarka ya ƙare, kuma an tarar da direban da ke bayanka a layi ya rasu a cikin motarsa. Haba Baba! Yaya ya taso da maganin yau da safe.

Na kai wa Farfesa wasiƙarka. Ya karanta, ya cire tabarau. Na ce ina so in canza aikina na kammala digiri, in rubuta a kan mutanen da ke layin nan. Ya ce yana tausaya mini, amma fanninmu na nazarin ƙasashe ne, kuma abin da na kare a muhawara shi cibiyar binciken take so a rubuce. Ya ba ni zuwa Alhamis in yanke shawara.

Ina son gurbin nan, Baba, ba zan ɓoye maka ba. Shekara huɗu nake harinsa. Sau uku ina fara rubuta abin da suke so ina yagewa.

Allah ya buɗe muku hanya.

Auta

Babana,

Sannu da jiki. Allah ya ƙara sauƙi. Yaya ya gaya mana a ƙaramin asibitin garin da ke bakin iyaka ya same ka, wai ka ƙi barin motar mutane sai da ka faɗi. Mama ta ce faɗan da za ta yi maka tana ajiye da shi sai ka warke.

Ranar Alhamis na je na ce wa Farfesa ba zan iya ba. An ba wata gurbin. Na yi kuka a bayan ajinmu, na share fuska, na shiga darasi. Da aka tashi ya tsayar da ni a bakin ƙofa, ya ce in har zan kawo masa bayanin direbobi talatin daga bakinsu, da ranaku da wurare, zai duba aikin. Bai yi mini alkawarin maki ba.

Ina tafe ranar Asabar a bas ɗin ruwa, da littafi da biro. Ka gaya wa abokanka. Da kai zan fara, kuma don Allah in na tambaye ka yadda kuka yi, kada ka ce mini lafiya lau.

'Yarka mai kewarka,
Auta