Wayar da Ba Ta Gaida Baba Ba

Litinin, 5 ga Fabrairu, 2024

Wata goma sha bakwai a ƙasar sanyin nan. In 'yan gida suka tambayi me nake karanta a jami'a sai in ce kwamfuta, a wuce wurin. Wa zan tsaya yi wa bayani cewa tsara hulɗar mutum da na'ura ake koya mana? Ni da na kwana uku ban yi hulɗa da kowa ba sai mai shagon burodi.

Alhamis, 8 ga Fabrairu

Malamarmu ta duba aikina na kammalawa: manhajar da mai kiwo zai faɗa wa ciwon dabbarsa da baki, ta haɗa shi da likitan dabbobi. Da muryata na naɗi tambayoyin. Ta ce in datse duk wani surutu, a danna sau biyu a kai ga buƙata. Na datse. Ta san aikinta, ba zan ci haƙƙinta ba.

Sai dai dole wanda aka yi dominsa ya gwada, in ba haka ba babu sakamako. Na tura wa ƙanwata Ummulkhair a Gumel, ta kai wa Babanmu da ke kiwo a Ɗanzomo.

Asabar, 17 ga Fabrairu

Ta turo bidiyo. Baba a kan tabarma, ya rame. Wayar ta ce, “Me ke damun dabbarka?” Ya dube ta, ya kife ta.

“Ke Ummu, ko dillalin kasuwar Maigatari sai ya tambayi iyalina kafin ya taɓa mini bijimi.”

Ta ce, Baba, aikin Yaya ne fa.

“Ai na ji muryar. Shi ya sa.”

Lahadi, 18 ga Fabrairu

Aikin wata huɗu. A kan gaisuwa.

Laraba, 21 ga Fabrairu

Na koma kan saƙonnin murya da Baba yake turo mini. Kowanne ya kai minti huɗu. Kullum tsallakewa nake zuwa ƙarshe, in ji ko akwai abin da ake so. Yau na saurari ɗaya daga farko. Ya sanyi, ya baƙunta, ya karatu, ya malamanka, ya maƙwabta. Maƙwabta! Ko sunan na ɗakin kusa ban sani ba.

Babu wata buƙata a ƙarshen. Gaisuwar ce saƙon. A ƙarƙashinsa amsata: hoton babban yatsa.

Na ƙarshe tun Disamba ne. Ban lura ya daina ba.

Juma'a, 1 ga Maris

Na sake naɗa. Sallama, ya gida, ya iyali, ya dabbobi, da ɗan shiru bayan kowace don mutum ya amsa. Malama ta ce na ƙara daƙiƙa arba'in, wataƙila ta rage mini maki. Ta rage.

Ummu ta koma jiya. Ta ce ya amsa gaisuwar duka, har ya tambayi wayar ya sanyi, ya tsaya jira. Ya faɗi tarin karsanarsa, saƙon ya isa ga likita. Gwaji ya yi, zan kammala karatu.

Wai ya sa ta maimaita masa farkon sau uku.

Na kira shi bayan masallaci, don rahoton da zan rubuta kawai. Minti hamsin. Sai da na ajiye na tuna ban tambaye shi komai a kan manhajar ba.

Sai in sake kira gobe.