Diddigen Yayana Ya Yi Ja

Inna Kalisi, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle.

Ni ɗalibar aikin jinya ce, ina shekarar ƙarshe. Da aka turo ni koyon aiki a ƙaramin asibitin tsibirinmu har murna na yi, zan ci gwazar gida. Sai ga shi an kawo Kelepi, ɗan wan babana, ya faɗo daga rufin coci yana gyaran ɓarnar guguwa. Daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya motsi, ba ya jin taɓi.

Kin san yadda muke a ƙasarmu Tonga, akwai kunya mai tsanani tsakanin mace da ɗan'uwanta namiji. Yayana ne, ban taɓa shiga inda yake kwance ba, ban taɓa ganinsa babu riga ba. In na shigo ɗakin maza sai ya kawar da fuska, ni kuma in wuce gadonsa kamar ban san mai shi ba. Namijin ma'aikaci ɗaya gare mu, kullum yana kan jirgin ruwa zuwa ƙauyuka.

Jiya bargo ya zame, na ga diddigensa ya yi ja. Na daure na danna da yatsa, wurin bai yi fari ba. A aji an koya mana cewa mafarin gyambon kwanciya ke nan, kuma in diddige ya yi haka, sai a duba ƙugu. Matarsa Seini ta ce ba ta bari a juya shi don yana nishi, man kwakwa take murza masa a bayan. Baiwar Allah, tausayi ne, amma murzawar ƙara ɓata fatar take yi.

Ban faɗa wa Sista Melenaite mai kula da mu ba. Tsoro nake ta ce in buɗe in duba, ko ta rubuta cewa ina zaɓen majinyata. In na buɗe, da wane ido zan kalli dangi? In na yi shiru, naman yayana zai ruɓe ina tsaye da farin kaya. Ina ƙaunarsa, ina jin kunyarsa, na rasa wanda zan bi.

Ƙanwar majinyaci, daga tsibiran Ha'apai

'Yata,

Na aiko miki da amsar nan kafin a buga ta, don gyambo ba ya jiran jarida.

Kunyarki ba wauta ba ce, tarbiyya ce, kuma Kelepi yana da haƙƙin a tsare masa ita ko yana kwance. Amma kin haɗa abu biyu wuri ɗaya. Dubawa daban, kai rahoto daban. Dubawar wani zai iya ɗaukar miki. Rahoton kuwa naki ne, tunda idonki ne ya gani, kuma babu al'adar da ta hana ƙanwa buɗe baki.

Yau ɗin nan ki sami Sista, ki ce mata yayanki ne, ga abin da kika gani. Ita ma 'yar ƙasar nan ce, tana da 'yan'uwa maza. Neman a sauya miki majinyaci saboda zumunta ba laifi ba ne a aikin. Ɓoye alamar ciwo shi ne laifi.

Seini kuma kada ki yi mata faɗa. Ki roƙi Sista ta nuna mata yadda ake haɗuwa a juya mai ciwon baya, da inda ake sa matashi, a kuma ajiye man kwakwar nan. Sannan ki je wa gwaggonku, ƙanwar iyayenku maza, tunda maganarta ce sama a gidan. Idan wata rana babu kowa sai ke, da izininta za ki sa hannu ki duba shi, ba mai ganin laifinki.

Ki tuna, Kelepi ba ya jin wurin nan. Ba zai yi kuka ba, ba zai kira kowa ba. Ke kika gani, ke za ki faɗa.

Allah ya tashi kafaɗunsa, ya sa ki gama karatu lafiya.

Inna Kalisi