Hankicin da Suka Toshe Hanci da Shi

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Allah Ya ƙara wa ƙafarki sauƙi. Mu nan lafiya lau, Inna ta warware, har ta koma faɗa da kajinta.

Yaya, raina a ɓace yake, shi ya sa na ɗauki biro. Kin san mako shida ke nan ina koyar da sababbin ma'aikatanmu na lafiya masu shiga gida-gida. Abu ɗaya nake nanata musu har bakina ya gaji: kada su dubi mara lafiya shi kaɗai, su dubi ɗakinsa, da maƙwabtansa, da ruwan da yake sha, da iskar da yake shaƙa. A aji kam sun haddace, har zane suke yi mini a allo.

Sai na tura uku daga cikinsu gidan wata mai ɗinki, wadda 'yarta mai shekara huɗu take fama da tarin asma. Suka dawo da rahoto fes, wai uwar ba ta bin umarni, a cire yarinyar daga jerin waɗanda ake ziyarta. Na je da ƙafata. Wallahi tun daga bakin ƙofa maƙogwarona ya fara ƙaiƙayi. Bayan tagar ɗakin, wasu ne ke narka tsofaffin robobi, hayaƙin yana sauka kan katifar yarinyar. Uwar ta gaya mini cewa su ukun a tsaye suka yi mata wa'azin shara, kowa da hankici a hanci. Wanda ya fi kowa maki ma, muna ce masa Mai Turare, shi ya miƙa mata takardar tsafta da hannu ɗaya. Kin ji ƙyamar da ta kama ni? Hancinsu ya ji, amma bironsu bai rubuta ba.

Jiya na kwashi ajin duka zuwa ɗakin, na karɓe hankicin kowa, na ce a zauna. Ko minti goma ba a yi ba Mai Turare ya sarƙe da tari, hawaye shaɓe-shaɓe. Mai ɗinkin ta tashi a hankali, ta ɗauko takardar nan tasa ta ba shi, ta ce ya karanta, ko zai samu sauƙi.

Yarinyar na nan cikin jerin. Gobe Mai Turare ne zai jagoranci ajin zuwa wurin mai gidan da mai ɗinkin take haya da masu narka robar, kuma ba zan sa hannu a takardar shaidar kammala horon kowa ba sai hayaƙin nan ya bar tagar.

Ki gaishe da maigidan, da Auta, da takwarata sarkin surutu. Inna da Kawu suna gaishe ki.

Taki ƙanwa,
Malamar da kika yi rainonta