Kwalekwalena Ya Zama Gada

Zuwa ga Shaihun masunta, mai kula da gadar katako ta bakin teku, Jidda.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ni ne akawun nan da ke aiki a unguwar Bagdadiyya, mai shuɗin kwalekwale, wanda yaranka suke kira "mai Juma'a". Sau uku na rubuta wasiƙar nan ina yagawa, don ina tsoron laifin nawa ne. Ga dai abin da ya faru.

Na ɗaya. Da na sayi kwalekwalen bara, na sa aka jefa masa anga, ƙarfen da ke tsayar da jirgi, can nesa da gaɓa, don babu biya. Sai daga baya na lura ina bukatar wani kwalekwalen kafin in kai ga nawa, ga shi ban iya iyo ba. Tsuntsaye kuma suka mai da shi makewayi. Wata iska da ta taso ta ja shi har kusa da wani jirgin ruwan alhazai, aka yi ta ɗaga masa hannu daga sama, ba kowa a ciki. Wannan kuskurena ne, na amsa.

Na biyu. Na sa aka jawo shi gadarka, ina biyan riyal goma duk wata. Al'adarku ita ce wanda bai cika fita ba shi ake ɗaurewa jikin gada, sauran su jeru a bayansa. To, ranar Juma'a kaɗai nake hutu, ranar kuma masunta ba sa fita. Nakan zo da ƙugiya da guzuri in tarar da jirage shida sun tare ni. In zauna a ciki in cinye guzurin, in koma gida.

Na uku. Sauran ranaku ta kan kwalekwalena kowa yake bi zuwa nasa jirgin. Fentin tsakiya ya goge. Na tsinci takalmi wari guda, da butar shayi, da wani dattijo yana barci, wanda ya ce in yi a hankali kada in jijjiga shi. Na ba shi haƙuri. Har yau ina tunanin ko ya kamata.

Ya Shaihu, maiɗakina ta ce halas, wato magana ta ƙare: in azumi ya kama ban kawo kifin da na kama da hannuna ba, za a sayar wa ƙanenta kwalekwalen. Na taɓa gwada kai mata na kasuwa, ta ga an riga an fere shi.

Roƙona guda ne: ka sa a ɗaure ni a bakin layi daren Juma'a ɗaya tak kafin azumi. In kuma ka ga na nufi jirgin alhazai, don Allah ka turo wani, don ban taɓa tuƙa shi ba tukuna.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya cika tarunku, ya tsare jama'arka a teku.

Wassalam.
Haruna akawu, unguwar Sa'alaba.