Umma, Jikarki Ba Ta Gaji Hancinki Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Rabi,

Assalamu alaiki, Umma. Bayan gaisuwa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ƙarar 'yarki ta fari na kawo miki, tunda har yau ke kaɗai Yaya Hadiza take shakka.

Ranar Asabar aka yi sunan jikarta a gidanki na Nassarawa. Ban gama cire takalmi ba ta fara: wai na yi latti, wai ɗaurin kallabina kamar na mai zuwa jarrabawa, wai ina Nana, a miƙo ta a turara mata kaya. Falon nan naki, Umma, tagogi a rufe, esi a kunne, kaskon turaren wuta a kowace kusurwa. Mata sun cika maƙil, wannan ta yi atishawa waccan ta karɓa. Murar da ke yawo a gari ita ma ta zo suna, har ta samu kujera.

Ba ki san 'yata Nana sosai ba, tana rarrafe kika tafi. Yanzu tana aji biyu. Bakinki ta ɗauko sak, amma ba ta gaji hancinki ba. Asma gare ta. Hayaƙi, gashin kyanwa, tsohon kafet, duk suna tayar mata da ƙirji. Likitarta ta yi min bayani cewa hanyoyin numfashin irinsu a kumbure suke tun kafin cuta ta iso. Shi ya sa murar da za ta ba yayanta yoyon hanci kawai ya wuce ƙwallo, ita a ƙirji take saukar mata, ta shimfiɗa tabarma. Ranar da ta shaƙi hayaƙi kuwa, an share wa murar hanya ke nan. Bara sai da aka ba mu gado a asibiti kan abin da dangi suka kira 'yar mura. Na ga yarinya tana jan numfashi haƙarƙarinta na bayyana, tana ƙoƙarin ce min kada in damu. Ba na son sake gani.

Na faɗa wa Yaya haka a bakin ƙofa, cikin ladabi, Nana tana bayana da abin shaƙarta a jaka. Ta yi min irin kallon da kike yi wa mahauci idan ya cika miki ƙashi. Ta ce duk a cikin hayaƙin nan muka girma, wa ya mutu? Ƙanwarki Inna Asabe ta ɗora da cewa sanyi ne kawai, a ba ta citta da zuma. Wata da ban sani ba ta ce 'ya'yan 'yan boko ko iska ta taɓa su sai likita. Tana faɗa tana tari.

Sai na tuna ki. "Gidan da ba ƙamshi kango ne," haka kike cewa, kina bin ɗaki ɗaki da kasko bayan la'asar. Daga nan ki zauna a bakin gado, ƙirjinki na kuka kamar usur. Kullum laifin ruwan firji ne, ko na fanka. Mura kuma in ta kama ki sai kowa ya warke ya bar ki da ita. Kin tuhumi komai a gidan ban da kaskon. Ba cewa na yi wani abu ba, Umma. Lura kawai na yi.

Nana tana ta jan mayafina, tana son ganin jaririya, tana kuma son waina. Na san in na juya, za a shekara ana cewa Zainab ta raina zumunci. In na shiga da ita, na san inda za mu ƙare. Na ce wa Yaya Allah Ya raya, na kama hannun 'yata.

Har mun shiga mota sai ga Yaya ta fito da kula a hannu, fuska a murtuke. Ta dire wa Nana wainar a cinya, ta leƙo ta ce, "Ungo, uwar iyayi. In an yi arba'in gidanku za mu fara kai jaririyar. Ba humra, ba turare. Ki gaya wa maigadinku ni ce, kada ya kasa gane ni."

Na ce da sharaɗin ba mai mura a cikinsu. Ta ce Allah Ya shirye ni, ta tura ƙofar motar ta rufe da kanta, muka tafi.

Da kina nan, na san da kin fi ta faɗa, kuma da kin riga ta fitowa. Ina kewarki, Ummana.

Allah Ya jiƙanki, Ya yalwata makwancinki, Ya ba jikokinki lafiya, Ya haɗa mu a gidan da ba ciwo.

Autarki,
Zainab